Me Ake Karewa a Bakin Kogi: Laka, Tsuntsaye, ko Masunta?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai wata tambaya da ta kwana biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga babu inda ya dace in kawo ta sai nan. A makon jiya malaminmu ya nuna mana hotunan wani hurumi da hukuma ta keɓe a daidai inda kogi yake faɗawa cikin teku, ya ce irin wurin nan yana cikin mafi daraja a wuraren da ake karewa. Ni kuwa da na duba ban ga komai ba sai filin laka, da wasu gajerun itatuwa masu saiwoyi a waje, da ɗigo-ɗigon tsuntsaye can nesa. Na fahimci dalilin kare dajin da giwaye suke ciki, amma me ake karewa a cikin taɓo, har da za a hana mutane su cike shi su yi gini ko su kafa tashar jiragen ruwa?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam, 'yata. Mafi yawan waɗanda suka lalata irin waɗannan wurare da irin idon da kika kalli hoton nan suka kalle su, saboda haka tambayarki tana kan hanya. Bari in fara da ruwan kansa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ruwan kogi kuwa kusan babu gishiri a cikinsa, to inda suka haɗu sai a sami ruwan zartsi, wanda gishirinsa ba ya tsayawa a ma'auni ɗaya ko na yini guda. A mafi yawan gaɓoɓi teku yana cika yana janyewa sau biyu a rana, tsakanin cika da cika kuwa awa 12 ne da kimanin minti 25, saboda jan da wata yake yi wa ruwa. A tsayuwar wata da daren sha huɗu, lokacin da jan rana ya haɗu da na wata, cikar takan fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. Ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, don haka yakan bi ta sama, na teku kuma ya kutsa ta ƙarƙashinsa har ya yi nisa cikin kogin.

Ita kuma lakar da kika raina, kogi ne ya kwaso ta tun daga tudu, ƙurar yumɓu ce haɗe da ruɓaɓɓen ganye da duk wani abu da ruwan sama ya wanke daga ƙasa. Da zarar ƙwayoyin yumɓun nan sun ji gishiri sai su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta. Ashe ke nan takin ƙasa guda ne aka tara a wuri ɗaya, teku kuma yana zuwa sau biyu a rana yana yi masa ban-ruwa. Halittun da suke iya jure wannan sauyin gishiri ba su da yawan iri, amma waɗanda suka jure sukan yi yawan da ya wuce misali, domin abinci ya wadata kuma abokan takara kaɗan ne.

Mai Kallon Tsuntsaye:
Malam ya yi bayanin ruwa, ni bari in faɗi abin da idona ya gani, domin ni ma da farko raina wurin na yi. Ranar da na fara shiga irin wannan fili, wani ma'aikacin gandu na bi da asuba bayan ruwa ya janye. Ban yi taku goma ba na nutse har gwiwa, da na zaro ƙafata kuwa takalmin ya zauna a ciki, kuma har yau yana can. Saman lakar ruwan ƙasa ne, amma da ka tona zurfin ɗan yatsa sai ka tarar da ita baƙa ƙirin, tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, saboda iska ba ta ratsa ta. Ma'aikacin ya ce in tsaya cik kada in motsa. Bayan kamar minti biyu sai filin da na ɗauka babu kowa ya fara motsi. Ƙananan ƙaguwoyi suka yi ta fitowa daga ramuka, kowane namiji da hannu ɗaya ƙato wanda ya kusa kai girman jikinsa, yana ɗaga shi yana saukewa kamar mai yafito wani daga nesa. A gefen wani ɗan kwararo kuma na ga kifi mai idanu a saman kai irin na kwaɗo, ya bar ruwa yana jan jiki bisa laka da fikafikansa na gaba. Tari kawai na yi, kafin ƙiftawar ido komai ya ɓace.

Daga nan ya ɗebi laka a rariya ya wanke ta a gabana, sai ga tsutsotsi da ƙananan katantanwa da 'yan ƙumba sun rage a ciki. Wannan shi ne abin da ɗigo-ɗigon nan na hotonki suke nema, ƙanwata. Idan kika lura da su ta madubin hangen nesa za ki ga bakunansu ba tsawo ɗaya ba ne: mai gajeren baki yana tsinta a sama, mai matsakaici yana caka, mai dogon baki lanƙwasasshe kuma yana zaro tsutsa daga can ƙasa, shi ya sa iri-iri suke kiwo a fili ɗaya ba tare da sun ƙwace wa juna ba. Yawancinsu 'yan cin rani ne. Suna ƙyanƙyasa a arewacin duniya, a wurare irin su Saberiya, idan sanyi ya matso sai su yo kudu. A tekun Wadden, wanda ya ratsa gaɓar Holan da Jamus da Denmak, tsuntsaye miliyan 10 zuwa 12 suke yada zango a kowace shekara, kuma fiye da miliyan 2 sukan ƙarasa gandun Banc d'Arguin na Muritaniya su yi watannin sanyi a can. A 2022 an bi sawun wani ɗan tsuntsu da ake kira godwit da na'urar da aka maƙala masa, ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai a Tasmaniya ta ƙasar Ostareliya, tafiyar kilomita 13,560 cikin kwana 11. Duk kitsen da ya ƙona a wannan tafiya a irin lakar nan ya tara shi.

Dattijon Zaure:
Na karanta duka, Allah ya ƙara muku ilimi. Sai dai ni tsoho ne, kuma abin da na lura da shi a zaman duniya shi ne, duk lokacin da aka ce za a kare wani wuri, talakan da yake zaune a wurin ne yake fara ji a jikinsa. Bakin kogi ba kango ba ne. Tun kafin a san wani abu wai shi gandu akwai masunta da suke jefa koma a can, akwai matan da suke tsintar kawa, akwai masu dafa gishiri da masu saran itace domin bandar kifi. Tsuntsun da ya taso daga Saberiya baƙo ne, masunci kuwa ɗan gida ne, kuma an ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ina so wanda ya sani ya gaya mini, idan an kafa allo an rubuta cewa an hana shiga, ina waɗannan bayin Allah za su nufa?

Malamin Labarin Ƙasa:
Ranka ya daɗe, Baba, maganarka dutse ce, amma ina ganin masuncin nan da kake tausaya wa shi ne na farkon wanda zai yi asara idan aka cike lakar. Da yawa daga kifayen da ake kamawa a teku a bakin kogi suka yi ƙuruciya. Jatan lande, alal misali, a teku yake zuba ƙwai, sai ruwa ya turo 'ya'yan zuwa cikin zartsi, su fake a tsakanin saiwoyin mangurob, wato itatuwan nan masu saiwoyi a waje da ɗalibarmu ta gani a hoto, inda manyan kifaye ba sa iya kutsawa, sai sun yi ƙwari sannan su koma teku. Kifin bonga, wanda jama'ar gaɓar Afirka ta Yamma suka dogara da shi ƙwarai, shi ma rayuwarsa a ɗaure take da irin waɗannan ruwaye. Akwai kuma wani kifi mai kama da maciji na ƙasashen Turai, wanda ake haifa a tekun Sargaso a can yammacin Atlantika, ya ratso teku yana ɗan ƙarami garai-garai kamar gilashi, ya shigo ta bakin kogi ya haura ruwan daɗi ya yi shekaru. Duk wanda ya toshe ƙofar nan ya yanke masa hanya. Saboda haka rigimar, a ganina, ba tsakanin tsuntsu da masunci take ba, su biyun a akushi ɗaya suke ci.

Hajiya Mai Nazari:
Ina goyon bayan Baba a rabin maganarsa, kuma ina da hujjar da za ta ƙarfafa shi. A bakin kogin Salum na ƙasar Senegal akwai tuddai fiye da 200 waɗanda ba ƙasa ba ce, ɓawon kawa da ƙumba ne zalla da mutane suka ci suka zubar a tsawon ƙarnuka, har kukoki suka tsiro a kansu, wasu ma aka mai da su makabarta. Da hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2011, saboda wannan zaman tare na mutane da ruwa ta sa shi. Wato mutum ba baƙo ba ne a can, yana cikin halittun wurin.

Inda na rabu da Baba shi ne zaton cewa kariya tana nufin kora. A dausayin Tanbi da ke kusa da Banjul a ƙasar Gambiya, matan da suke sana'ar kawa sun haɗa ƙungiya mai suna TRY, kuma a 2012 gwamnati ta ba su ikon cin gajiyar kawa da ƙumba na wurin su kaɗai. Su da kansu suka amince a rufe ɗiba na wata 8 a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni kawai, suka kuma daina sare saiwar mangurob da kawar take manne a jiki, sai dai a ɓamɓare ta a bar saiwar. Macen da ta san cewa abin da ta bari bana ita ce za ta ɗebe shi baɗi ya ƙara girma, ba ta bukatar ɗan sanda ya tsaya a kanta. Amma idan ta san cewa da ta juya baya wani zai zo ya kwashe, to wace wauta ce za ta sa ta bari?

Injiniyan Ruwa:
Ni aikina gina madatsu da magudanai ne, don haka na san a wannan zaure ni ne wanda ake harara. Duk da haka zan yi tambayar da na tabbata wasu suna da ita a zuci. Tsuntsu yana da fikafikai. Wanda ya iya tafiyar kilomita dubu goma sha uku, idan an cike masa fili ɗaya me zai hana shi ya matsa gaba kaɗan ya sami wani? Gari kuwa ba ya tashi, kuma tashar jiragen ruwa dole a bakin ruwa za a gina ta.

Mai Kallon Tsuntsaye:
Injiniya, an gwada abin da ka faɗa, kuma an ga sakamakonsa. A birnin Kadif na Birtaniya an kammala wata katanga a 1999 wadda ta tare bakin ruwan birnin, filin lakar ya zama tafki na dindindin. Masana sun riga sun sa wa tsuntsayen wurin zobba a ƙafa, don haka suka iya bin labarinsu. Wani iri mai jan ƙafa ya koma filayen da ke kusa kamar yadda ka ce, amma ya tarar da masu wuri, ya rame, kuma yawan masu mutuwa a lokacin sanyi ya ƙaru. Dalili shi ne kowane fili yana da iyakar bakunan da zai iya ciyarwa, kuma waɗannan tsuntsaye suna da naci a kan wurin da suka saba, shekara da shekaru suna dawowa gaɓa ɗaya.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na Saemangeum a Koriya ta Kudu. A 2006 aka rufe katangar teku mai tsawon kusan kilomita 33, wadda ta tare bakin koguna biyu, ta raba fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 400 da cikar teku. Wurin yana cikin manyan zangunan tsuntsayen da suke tafiya tsakanin Ostareliya da Saberiya. Da aka ƙirga a sauran gaɓoɓin ƙasar ba a ga sun koma can ba, kuma a Ostareliya aka ga adadin masu dawowa ya ragu. Masu tsintar ƙumba na wurin su ma sana'arsu ta mutu tare da lakar, abin da ya dawo da mu kan maganar Baba.

Injiniyan Ruwa:
Na karɓi wannan, kuma tun da gaskiya ake nema, bari in kawo misali daga fagen aikina wanda ba ya goyon bayana gaba ɗaya. A 1986 aka gama madatsar Diama a kan kogin Senegal, sama kaɗan da birnin San Luwi. Kafin ita, idan rani ya yi ruwan kogi ya ja baya, gishirin teku yakan haura can cikin ƙasa ya ɓata ruwan sha da na ban-ruwa. Madatsar ta tsai da wannan, aka sami noman shinkafa da rake, aka sami ruwan sha, kuma ba zan yarda wani ya ce wannan ba alheri ba ne. Sai dai a bayan madatsar ruwa ya zama na daɗi zalla kuma kwantacce, sai ciyawar kacala ta mamaye shi, katantanwar da take ɗauke da cutar tsargiya ta yaɗu, cutar ta ɓarke a yankin garin Richard Toll da ke bakin kogin. A gaban madatsar kuma filayen da ambaliya take shayarwa kowace shekara suka bushe suka zama fako mai gishiri. Da Muritaniya ta kafa gandun Diawling a 1991, babban aikin da aka yi shi ne gina ƙofofin ruwa da sakin ruwa a lokacin da ambaliya ta saba zuwa, wato a kwaikwayi abin da kogi yake yi da kansa a da. Kifi ya dawo, tsuntsaye suka dawo, ciyawar da mata suke saƙa tabarma da ita ta sake tsirowa. Abin da nake so a lura da shi shi ne, injiniya ne ya ɓata, kuma injiniya ne ya gyara, don haka a daina kallonmu kamar annoba.

Malamin Labarin Ƙasa:
Babu mai kallonka haka, Injiniya, kuma misalinka ya kai mu inda nake so mu je tun farko. Gandun daji na tudu ana iya zagaye shi da waya a ce an kare. Bakin kogi kuwa ransa daga waje yake zuwa, ruwan daɗi daga tudu, gishiri daga teku, tsuntsaye daga wata nahiya, saboda haka layin da aka ja a taswira ba ya tsare komai shi kaɗai. Dubi tafkin St Lucia na Afirka ta Kudu, wanda yake cikin gandun iSimangaliso da UNESCO ta amince da shi a 1999. Tun a 1952 aka raba shi da kogin Mfolozi saboda gonakin rake, aka yi wa kogin wata mafita dabam. Wurin yana da doka da ma'aikata, amma da fari ya zo bakinsa ya toshe a 2002, yawancin tafkin ya ƙafe, gishiri ya yi yawan da kifi ba ya iya zama, har sai da aka dawo ana aikin sake haɗa shi da kogin da aka raba su.

Salum da Hajiya ta ambata ma yana da nasa abin mamaki. Tun bayan farin shekarun 1970 ruwan daɗin da yake shigarsa ya yi ƙaranci, rana kuma tana ƙafar da abin da ya shigo daga teku, sai al'amarin ya juye: maimakon gishiri ya ragu idan kana haurawa, ƙaruwa yake yi, har can ciki ya ninka na teku. Kifaye kaɗan ne suke jurewa a can, cikinsu har da wani irin karfasa. A wani wurin kuma matsalar ba ƙarancin ruwa ba ce, abin da ruwan ya ɗauko ne. Takin zamani da kogin Misisifi yake kwasowa daga gonakin Amurka yana sa gansakuka ta yi yawa a inda ya faɗa teku, idan ta mutu ta ruɓe sai ta cinye iskar oksijin da ke ƙasan ruwa. A 2017 faɗin wurin da kifi ba ya iya rayuwa a can ya haura murabba'in kilomita 22,000. Manomin da ya zuba takin bai taɓa ganin teku ba, watakila.

Dattijon Zaure:
To, na ji, kuma Hajiya ta sassauta mini zuciya da labarin matan Gambiya. Amma ina nan a kan bakata a wuri ɗaya. Doka irin wannan yanar gizo-gizo ce, ƙuda take kamawa, ungulu kuwa ya ratsa ta ya wuce. Ma'aikacin gandu zai ƙwace komar mai kwalekwale saboda idanunta sun yi ƙanƙanta, alhali a bayan iyakar gandun manyan jiragen kamun kifi suna share teku dare da rana, kuma mai kuɗin da yake son gina otal a bakin ruwa ba ya rasa takardar izini. Idan za a hana, a hana kowa.

Mai Kallon Tsuntsaye:
Baba, ban da abin da zan musa a nan. Abin da kawai zan ƙara shi ne akwai inda aka juya dokar ta fifita ɗan gida. A Banc d'Arguin, wanda aka kafa a 1976, an haramta jiragen kamun kifi masu inji, amma an bar mutanen Imragen, waɗanda suke zaune a wurin tun da daɗewa, su ci gaba da su a jiragensu masu tafiya da iska. Ba na cewa babu saɓani a can, sai dai aƙalla an nuna cewa ana iya rufe ƙofa ga na waje a bar na ciki. Yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayoyin duniya ma, wadda aka sa wa hannu a birnin Ramsar na Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, ba ta ce a kori mutane daga dausayi ba, amfani cikin hikima ta nema.

Tsohon Ɗan Sa-kai:
Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma akwai wani kuskure da na yi da hannuna wanda nake so ƙanwarmu mai tambaya ta sani, domin masu son gyara ma suna ɓarna. Wata ƙungiya ta taɓa tara mu aikin dashen mangurob. Aka ba mu 'ya'yan itacen, dogaye kamar kara, waɗanda tun suna jikin uwa suke fara tsiro, aka kai mu wani buɗaɗɗen filin laka aka ce mu soka su a jere. Muka yini muna sokawa, aka ɗauki hotuna, aka rubuta adadi, kowa ya koma gida yana jin ya yi aikin lada. Bayan shekara na koma, ban tarar da komai ba sai 'yan sanduna ƙalilan da suka bushe. Wani tsohon masunci da ya gan ni ina dube-dube ya ce da an tambaye su da sun faɗa mana, domin wurin ya yi ƙasa da yawa, ruwa yana daɗewa a kansa, kuma tun tasowarsa bai taɓa ganin itace ya tsaya a nan ba.

Daga baya na gane cewa kowane iri da matsayinsa. Mai saiwoyi kamar ƙafafun gizo-gizo, wanda masana suke kira Rhizophora, ya fi son gefen kwararo, shi kuwa Avicennia, mai fito da ƙananan saiwoyi tsaye kamar fensir domin shaƙar iska, yana jure wurin da gishiri ya fi yawa, har idan ka lashi ganyensa za ka ji gishirin da yake fitarwa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, da dashen namu ya kama, da mun rufe filin da tsuntsaye suke kiwo. Inda aka sare mangurob aka yi tafkunan kiwon jatan lande aka watsar, sau da yawa fasa bangon tafkin kawai ake bukata, ruwa ya ci gaba da shiga da fita, shi da kansa zai kawo irin. Kuma a yi hattara da baƙon iri: wani kwakwan ruwa da ake kira nipa, wanda aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906, yanzu ya mamaye wurare da dama da mangurob yake a da.

Ɗalibar Kimiyya:
Na gode ƙwarai, iyayena, yanzu hoton nan ya zama wani abu dabam a idona. Saura tambaya ɗaya, kada ku ce na cika naci. Duk abin da aka ambata ƙanana ne, tsutsa da ƙaguwa da 'ya'yan kifi. Shin babu manyan dabbobi a irin waɗannan wurare?

Hajiya Mai Nazari:
Akwai su, 'yata, sai dai ba su cika nuna kansu ba. Ayu yana kiwon ciyawar ruwa da ganyen mangurob a bakunan kogunan Afirka ta Yamma, kuma saboda ɗa ɗaya yake haifa bayan dogon lokaci, kashe kaɗan ma yana yi masa illa. A tsibiran Bijagos na Gini Bisau akwai dorinar da take shiga ruwan gishiri, St Lucia kuma cike yake da dorina da kada. A Sundarban, dajin mangurob mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 10,000 tsakanin Indiya da Bangladash, damisar Bengal tana iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Kifi mai zarto a baki, wanda a da ya yi yawa a irin waɗannan ruwaye, yanzu ya kusa ƙarewa, domin zarton nasa yana sarƙewa a kowace irin koma.

Wanda ya fi burge ni shi ne karen ruwa na teku a Elkhorn Slough, wani dausayin bakin teku da ke Kalifoniya. Da ya dawo wurin bayan an daɗe da ƙarar da shi saboda fatarsa, sai ya dinga cin ƙaguwa. Raguwar ƙaguwa ta ba ƙananan halittun da suke lashe gansakuka daga jikin ciyawar teku damar yawaita, ciyawar ta sami hasken rana ta farfaɗo, duk da takin gonaki da yake kwarara cikin ruwan.

Mai Kallon Tsuntsaye:
Ni kuma zan ƙara wani abu da yake hana ni sakin jiki ko da an ce wuri yana da kariya. Akwai ɗan tsuntsun da masana suke kira Calidris canutus, wanda yake ƙyanƙyasa a arewacin Saberiya ya yi watannin sanyi a Banc d'Arguin. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa ƙanƙara tana narkewa da wuri a can arewa, ƙwarin da 'ya'yan suke ci suna fitowa kafin a ƙyanƙyashe su, sai su tashi da ƙaramin jiki da gajeren baki. Idan sun iso Muritaniya bakin nasu ba ya kai wa ga ƙumbar da take binne a ƙasa, sai su koma cin saiwar ciyawar teku wadda ba ta ƙosar da su, kuma masu gajeren bakin sun fi mutuwa. Ma'aikacin gandun bai yi sakaci da komai ba, lakarsa tana nan lafiya.

Ɗalibar Kimiyya:
Yaya, to ta yaya ake sanin sun ragu ko sun ƙaru, alhali ba sa tsayawa wuri ɗaya?

Mai Kallon Tsuntsaye:
Ana ƙirga su ne a tsakiyar Janairu, lokacin da ƙaura ta lafa kowa ya zauna inda zai yi watannin sanyi, kuma tun 1967 ake wannan ƙidaya a ƙasashe da yawa a lokaci guda domin kada a ƙirga tsuntsu ɗaya sau biyu. Ba a yin ta idan ruwa ya janye, saboda a lokacin sun bazu a fili mai nisa. Sai an jira teku ya cika ya kore su daga lakar, su taru a 'yan tuddan da suka rage, sannan mai ƙirga ya zauna nesa da madubinsa, ya ƙirga goma ko ɗari ya ga girman gungun da suka yi, ya riƙa aunawa da shi har ƙarshen garken. Ƙa'idar Ramsar ita ce, wurin da yake ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani iri, ya cancanci shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Idan kin sami damar zuwa, ki duba jadawalin cikar teku tun kafin ki fita, ki isa awa biyu kafin cikar, kuma ki ɗaure takalminki da kyau.